Ina Mijina Yake Kai Burodi Ranar Kasuwa?

Assalamu alaikum Gwaggo Larai. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin bakina ya jawo abin da zan yi nadama.

Mu mutanen Runka ne ta ƙasar Safana, amma muna zaune a Batsari tun da 'yan bindiga suka shigo mana daminar bara. Sun kashe mutane a gabanmu, har da ƙanen mahaifina, suka kora maza daji, cikinsu da maigidana. Ya daɗe a hannunsu, sarƙa ɗaya aka ɗaure ƙafarsa da ta wani malamin Islamiyya mutumin Darini, Malam Uzairu. Malam a can dajin ya rasu. Shi kuwa maigidana wata safiya sai ga shi duk ya rame, ya ce sakinsa suka yi. Daga wannan bai ƙara ko kalma a kan zancen ba har yau.

Ni ma ba lafiya na fito ba. Da farko ko murfin tukunya ya faɗi sai in zabura in nemi hanyar gudu. Abin da ya taimake ni gidan Inna Hansai ne, wata dattijuwa a unguwarmu. Can mu matan da muka yi gudun hijira muke haɗuwa muna surfe da ɓarar gyaɗa, wata ta ba da labarin nata ta yi kuka mu taya ta, can kuma wata ta yi ɓaranɓarama mu kwashe da dariya. A haka na fara samun barci. Shi kuwa maigidana ko majalisa ya daina zuwa. Mutumin da yake da surutu kamar rediyo, yanzu wuni yake a zaure yana kallon bango, in yara suka yi hayaniya ya daka musu tsawa.

To ga abin da ya hana ni sakat. Duk ranar kasuwar Batsari sai ya sayi burodi mai yawa, ya ɗaure a bayan babur, ya kashe waya, ya fita daga gari. Sai la'asar sakaliya yake dawowa, ba burodi, idonsa jajir. Na tambaye shi ya ce harkar maza ce. Wataƙila ki ce mene ne abin tsoro a burodi. A wajenmu duk wanda aka ga yana fita daga gari da burodi da yawa an san wa yake kai wa, don na daji ba sa shigowa kasuwa, kai musu ake yi. Kuma wa aka taɓa saki haka kawai ba fansa? Mata sun fara yin shiru in na shigo wajen surfe. Ni kaina na koma shinshina rigarsa ko zan ji ƙaurin hayaƙin daji. Ina jin kunyar kaina, amma ban daina ba.

Yayana Mubarak yana cikin 'yan sa-kai. Ya tambaye ni ko na ga wani abu da ban gane ba a wajen mijina, na ce a'a, ya ce zai dawo. In na yi shiru kuma ya zamana gaskiya ne, jinin mutane yana wuyana. In na faɗa, na san abin da ake yi wa infoma, ɗan leƙen asirin 'yan bindiga, a nan. Uban 'ya'yana ne kuma ina sonsa. Me zan ce wa yayana?

Baiwar Allah, daga Batsari.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan waɗanda kuka rasa.

Kada ki faɗa wa Mubarak komai. Abin da ke hannunki zato ne, shi kuwa abin da ke hannunsa bindiga ce, kuma magana zarar bunu ce.

Ban ce tsoronki shirme ba ne. Akan tilasta wa wasu da aka sako su riƙa kai saƙo, kuma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Amma ba ki faɗa mini hanyar da yake bi ba, ina jin ba ki taɓa dubawa ba. Mai kai wa ɓarayi kaya da wuya ya saye shi a tsakiyar kasuwa kowa yana gani. Sannan wanda aka ɗaure su tare ya mutu a gefensa, kuma ba mamaki ya bar iyali a Darini. Ban san ko can yake zuwa ba, amma marayu ma suna cin burodi.

Ke kin sami gidan Inna Hansai. Shi wa ya samu? Namiji in ya fito daga irin wannan, sannu da Allah ya kiyaye gaba kawai ake ce masa, gobe a sa ran ya ɗauki fartanya, in ya yi kuka a ce rago ne. Shirun nan da tsawa da jan ido na sha ganinsu wajen mazan da ba su yi laifin komai ba.

Ranar kasuwa mai zuwa, in hanya lafiya, ki ƙulla gero a leda, ki sa hijabinki, ki ce ya kai ki ki yi wa iyalin Malam Uzairu gaisuwar mutuwa. Haƙƙi ne a kanki, kuma idonki zai gani. Ko ya kai ki ko ya ƙi, ki gaya masa ƙarara abin da gari ke faɗa, don ransa na cikin haɗari. In kika ga ɓoye-ɓoyen da ya wuce haka, ki je wajen babban wansa ko limamin da yake jin nauyi, su zaunar da shi, su san hukumar da za a tunkara. A kuma kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa a Katsina, zuwa can ba hauka ba ne. Shinshinar riga kuwa ki bari, hanci ba ya shari'a.

Mutumin nan ya tsira daga hannun na daji, 'yata. Kada zaton matarsa ya ƙarasa shi. Allah ya bayyana miki gaskiya cikin sauƙi, ya ba gidanku lafiya.

Gwaggo Larai