Hutun da Bai Hutar da Ni Ba

Litinin, 3 ga Maris

Yau na kunyata kaina da kaina. Na tashi da sassafe, na zura kakin aiki, na hau keke har ƙofar kamfanin sabulu. Mai gadi ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Baba, ba kai muka yi wa liyafar ritaya ranar Juma'a ba?” Na ce zuwa na yi in ga ko injin ya yi kewata. Injin kuwa sai ruri yake abinsa, ko a jikinsa. Na juyo gida ta bayan layi.

Laraba, 5 ga Maris

Tun ina saurayi nake cewa in na huta zan ji daɗi. To ga hutun. Na juya dama, na juya hagu. Kamar mai jin yunwa bayan ya suɗe kwano.

Asabar, 8 ga Maris

Tantabarun da na saya sun koma gidan maƙwabci. Su ma sun ga ba zama.

Maman yara ta ce, “Jiya rediyo, yau tantabaru. Maigida, ramin nan na cikinka ba a kasuwa ake cike shi ba.” Na ce da ta yi boko da ta ƙwace wa Fasto aiki. Ta ce ni ma mai faɗin haka ai a aji huɗu na tsaya.

Lahadi, 9 ga Maris

Coci. Bencin baya, bakin ƙofa, wurina na kullum. Fasto ya ce wanda ya ƙera zuciya shi kaɗai ke iya cika ta. Na raɗa wa wani mai gyaran keke da ke gefena cewa tawa ɓulalliya ce, sai dai faci. Ya yi ta ƙyaƙyatawa. Ni dariyar ba ta zo mini ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Gobe za a cire wa Maman yara yanar ido. A gadon asibiti ta kama hannuna ta ce in yi mata addu'a. Ni da addu'ata ba ta taɓa wuce bakin kwano ba. Na ce, “Ya Ubangiji, ka buɗe idonta, amma kada sosai, kar ta ga wanda ta aura.” Matan ɗakin suka kwashe da dariya. Ita ta saki hannuna.

“Ba dariya na roƙe ka ba. Tsoro nake ji.”

Autarmu ta ce, “Baba, matsa,” ta yi addu'ar. Na tsaya rungume da kwandon abinci kamar ɗan dako.

Juma'a, 14 ga Maris

Da suka shiga da ita ɗakin tiyata na kasa zama. Ƙafa ta kai ni coci, ba kowa sai mai shara. Na zauna a gaba, tunda ba mai gani. Na laluba bakina ko da sauran zolaya, wayam. Na ce, “Yesu, na gaji.” Can kuma na ce, “Ba ido kawai ba. Kai nake so, in irina na iya samun ka.” Mai shara ta ce in ɗaga ƙafa. Na ɗaga.

Yunwar ba ta tafi ba. Amma yau na san ta wane ne.

Asabar, 15 ga Maris

An kwance bandeji, tana gani. Kalmarta ta farko: “Ashe ka tsufa.”

Talata, 18 ga Maris

Na sake leƙawa cocin da rana. Don sanyin wurin ne kawai, fankarmu ba ta da ƙarfi.

Likita ya ce ɗaya idon sai wata mai zuwa. A hanya Maman yara ta ce, “Wannan karon kai za ka yi addu'ar, ba Auta ba.” Na ce to. Ta tsaya jiran zolayar da na saba, ba ta zo ba.

Gaban bencin da ba kowa, bakina ya fara buɗewa. Gabanta ne ban san ta inda zan fara ba. Tana bina bashin wannan addu'ar, kuma yanzu da ido take kallona.