Murhun Inna da Aka Yanka

Tandabawi, Makka,
Watan Muharram.

Zuwa ga Yaya Kabo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da mutanen Damagaram. Mu nan alhamdu lillahi, alhazai sun watse, gari ya yi sarari. Mubina ta sauka lafiya, an sami mace. Inna kuwa jikin sai a hankali, kuma a kanta nake rubuto maka.

Ka san murhun ƙarfen da marigayi Baba ya saya wurin tsohon Baturken nan, mai ɓangaren gas da ɓangaren itace. Abin da ba ka sani ba, don ka daɗe da komawa gida, shi ne tun da idon Inna ya tafi, ɓangaren itacen nan shi ne aikinta a duniya. Da asuba takan lallaɓa tsakar gida, ta laluba 'yar ƙofarsa, ta zura itace, ta jingina bayanta da ɗuminsa tana yi mini faɗa wai ban iya tuƙa tuwo ba. In ta yi faɗan nan, na san za ta ci abinci.

Kafin aikin Hajji ɗanka Mahadi ya zo aron murhun, zai dafa wa alhazai abinci a unguwar Aziziyya. Na ƙi. Inna ce ta sa baki, ta ce a bai wa angonta, ai ba zai bar amaryarsa da yunwa ba. Ya yi dariya, ya rantse zai dawo da shi yadda ya ɗauka.

Yaya, rabi ya dawo mini da shi. Wai matakalar benen da alhazan suka sauka ta yi wa murhun kaɗan, sai ya kira mai walda ya datse ɓangaren itacen, ya bar wa 'yan gwangwan. Na bi sawu har Aziziyya cikin rana, aka ce an kwashe tuni. Da na tsare Mahadi, ko kunya babu ya ce: "Wallahi Gwaggo sai da na buga wa babana waya, shi ya ce in yanka, tsohon ƙarfe ne."

Wannan maganar ce ta fi yi mini ciwo. Mahadi bai san komai ba, amma kai a gaban murhun nan ka girma. Kana da lambata, ba ka tambaye ni ba. Ni ke ɗauke da Inna shekara da shekaru ban taɓa yi maka gori ba, ashe daga nesa za ka yanke hukunci a kan gidan da ba ka kwana. Ka ci amanata, Yaya, ba zan ɓoye maka ba.

Na kafa mata duwatsu uku, amma wutar fili ba ta makaho ba ce, ta kusa kama mata zani, dole na kashe. Yanzu sai ta zauna da itace a cinya tana laluben iska. Tuwo ko loma biyu ba ta yi, ta rame, faɗan ma ta daina. Kullum tambayarta ɗaya: "Larai, angona bai gama da murhun ba?" Ni kuwa na gaji da yi wa uwata ƙarya.

Ka gaida Yaya Hure da Kabira da su Abdulwasi'u. Ranar Juma'a bayan la'asar zan kara mata waya a kunne. Kai ka ce a yanka, kai za ka gaya mata.

Ƙanwarka,
Larai Sada