Ƙodata da Kwalin Ashana

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
Mu huɗu aka ɗebi jininmu a asibiti, a ga wanda ƙodarsa za ta dace da jikin ƙanwata Fiddausi. Allah Ka yafe mini, ina miƙa hannu ina addu'ar kada ya zama ni.

Alhamis, 11 ga Yuli
Ni ne. Likita har da murmushi, wai jinina da nata sun zo daidai. Inna tana ta hamdala. Sai ya kalli leɓena ya ce, "Malam Mukhtar, in ba ka bar taba ba, ba za mu yi aikin nan ba." A gaban Inna fa! Ina fitowa titin Gyadi-Gyadi na ƙyasta ashana.

Asabar, 13 ga Yuli
Shehu, abokina a tashar adaidaita ta Unguwa Uku, ya ce, "Kai da kake wuni kana faɗawa ramuka, da ƙoda ɗaya? Ci gaba da busa abarka, su da kansu za su sallame ka." Ban zage shi ba. Abin da ya fi cina ke nan.

Lahadi, 14 ga Yuli
Na sha taba har maƙogwarona ya yi ɗaci.

Talata, 16 ga Yuli
Na kai Fiddausi wankin ƙoda. Ƙafafunta sun kumbura, silifas ɗina ta saka. A hanyar dawowa, wajen Daurawa, ta ce daga baya, "Yaya, warin taba kake yi. Sha abarka, wallahi ban riƙe ka ba. Ni ma tsoron wuƙar nake." Na ce ta yi mini shiru, tuƙi nake. Ta madubi na ga barci ya ɗauke ta, baki buɗe, kamar sanda nake goya ta. Tsoro nake ji. Kunya kuma ta fi tsoron.

Juma'a, 19 ga Yuli
Inna za ta hura gawayi, ta nemi ashana. Na miƙa mata kwalin, ta ɗauki tsinke ɗaya za ta maido, na ce ta bar shi a kicin. Ta daɗe tana kallona.

Tun jiya da na daina busa taba kaina ke sarawa, har fasinja na yi wa tsawa a banza. Ni dai ban ce wa kowa na yarda ba. Kawai na biya asibiti na tambayi nas ko mai ƙoda ɗaya yana iya tuƙi.