Malamina na Ingila Ya Mayar Mini da Zumata

Zuwa ga mai filin shawarwari,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙonka don girman Allah ka agaza mini, domin zuciyata ta zama kamar ganye a bakin rafi, ko'ina ruwa ya ga dama sai ya ja ta.

Ni malamin daji ne a ƙarƙashin hukumar En'e ta Birnin Gwari, na kuwa haura shekara arba'in. Aikina shi ne zagaya gandun Kamuku, duba iyaka, da hana saran maɗaci ba izini. 'Yan shekarun nan ina karatu ta gidan waya da wata makaranta a Ingila, da burin samun digiri a fannin tarihi. Motar Kaduna ke kawo darussan. In damina ta ci gada, sai su makara, su iso a jiƙe. Nakan yi karatuna a rangadi, lokacin da 'yan dako ke hutawa, littafi bisa gwiwa, tsando na cizo.

Duk wannan ban taɓa kuka da shi ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne malamin da ke duba amsoshina, wanda ban san fuskarsa ba sai jar tawadarsa. Mu an raine mu a kan cewa ɗalibi ba ya buɗe baki gaban malami sai ya durƙusa ya yi gaisuwa. Saboda haka kowace amsa nakan buɗe ta da yabo, shafi guda ko fiye, har da baitocin da nakan tsara in juya su Turanci, irin su:

Gaisuwa gare ka, malamin da ban gani ba,
Kogin sani da ba a kai ga gaɓarsa ba.

Kullum sai ya ja layi ya soke su, ya rubuta a gefe cewa in amsa abin da aka tambaye ni. Na ce ƙila gaisuwar baki ce ta yi masa kaɗan. Sai na samo zuma farar saƙa daga Kakangi, uwargidana Huraira ta tace ta, muka zuba a gwangwani, maƙeri ya liƙe bakinsa da dalma, na aika masa.

Makon jiya Mailafiya, masinjan ofishinmu, ya shigo rungume da gwangwanin a gaban jama'a yana dariya, wai Ingila ta ɗanɗana zumar Kakangi ta ce a ƙara gishiri. Alhali ko buɗe shi ba a yi ba! Abin da suka rubuto kawai, makaranta ta gode, amma malamanta ba sa karɓar kyauta daga ɗalibai.

Malam, ka san a ƙasarmu ba a mayar wa mutum kyautarsa sai an yanke hulɗa da shi. Huraira ta ce in daina wahalar da kaina, wanda ya ƙi abin hannuna ba zai so ni da alheri ba. Ga jarrabawa a Kaduna bayan babbar salla, har yau ban nemi izinin tafiya wurin Baturen daji ba, don tsoron kada gari ya ji, in je in faɗi. Karatun da malami bai sa wa albarka ba, ina amfaninsa? In tsara masa waƙar ban haƙuri, ko in naɗe littattafan in dangana?

Naka cikin zullumi,
Mai Neman Albarka, Birnin Gwari.

AMSA

Malam Mai Neman Albarka,

Kwantar da hankalinka, ba ka yi wa kowa laifi ba. Ladabin da ka nuna shi muka gada, kuma ba abin kunya ba ne. Uwargida ma ba ta yi ƙarya ba: da maƙwabcinku ne ya yi muku haka, lalle da akwai magana.

Amma a wurin waɗannan mutane, malamin da ke auna aikin ɗalibi, in ya karɓi abin hannunsa, sai a ce toshiyar baki ce, yana iya rasa aikinsa a kai. Mutuncinsa ya tsare, ya kuma tsare naka. Ka kuma lura, malamin da ya yi fushi ba ya zama ya bi amsarka layi-layi yana gyara. Wannan jar tawada ita ce kulawarsa.

Inda ka yi kuskure shi ne ya faɗa maka abin da yake so, kai kuma ka ci gaba da ba shi abin da kake so. Biyayya ga malami ta fi yabonsa. A ɗakin jarrabawa agogo ba ya jiran gaisuwa, kuma waɗanda za su duba takardarka wasu ne dabam, ba su san ka ba, ba su san shi ba. Daga yau, jimlarka ta farko ta zama amsa. Ka sami malamin elemantare na garinku ya riƙe maka agogo, ka saba rubutu cikin ƙayyadadden lokaci. Baitocinka kuwa ka ajiye wa Mauludi, can za su sami masu kunne.

Kada ka aika waƙar ban haƙuri. Layi biyu na godiya sun isa. In albarka kake nema, nemi malamin da ya fara koya maka baƙi, in yana raye, je ka durƙusa ya yi maka addu'a.

Abin da ya fi gaggawa shi ne izini. Gobe da safe ka je wurin Baturen daji, kafin a tsara rangadin bayan salla da sunanka a ciki. Gari zai ji, to, ya ji. In ka faɗi, akwai baɗi; in ka ƙi zuwa, kai ka kayar da kanka, ba malamin Ingila ba.

Allah Ya buɗa ƙirji, Ya kai ka Kaduna lafiya, Ya sa mu ji alheri.