Kujerar da Ta Hana Inna Masauki

Malam, don Allah ka agaza mini da shawara, kaina ya kulle.

Maigidana ma'aikacin ofis ne, ko ƙusa ban taɓa ganin ya buga ba. Kwanaki ya kalli wani bidiyo a waya, sai ga shi da ledar ƙasa ta zamani, mai zuwa falle-falle kamar katako, wadda ake liƙawa da gam. Na ce a kira masu aikin, ya ce wannan ko yaro ya yi. Ya shimfiɗa a ɗakin baƙi, kuma gaskiya ta yi kyau, har abokansa yake kirawowa kallo.

To ga inda gizo ke saƙar. Da ya ji doguwar kujera da sif suna da nauyi, bai ɗaga su ba. Kewaye su ya yi da reza, ya yanke ledar daidai gindinsu. Ƙarƙashi siminti ne tsirara.

Yanzu an sallamo Innata daga asibiti, ƙafarta ba ta takuwa sosai. Na ce a fitar da kujerar a sa mata gado. Ya ce ɗakin ba wuri, wai ta je gidan ƙanina, shi kuwa a saman bene yake. Na san wuri akwai, simintin ne ba ya so a gani. Har na fara haɗa kaya. In bi ta can in yi jinya, ko in ja kujerar da kaina kowa ya huta?

Wadda Ta Rasa Tudun Dafawa

'Yar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya.

Na karanta labarin masu gina ganuwa don tsare gari, amma kafa kujera don tsare siminti, a wurin maigidanki na fara ji. Aski ya yi wa ɗakin bai cire masa hula ba. Ke ma ba ki fita ba: yana zagaya kujera da reza kina ina? Baƙi na yabo kina murmushi, sai yau kika ga simintin.

Sai dai ban ga ƙin Inna a nan ba. Kunya na gani, irin ta wanda ya riga ya tara 'yan kallo. Amma kunyar da za ta hau da mara lafiya bene ta zama rashin kunya.

Kada ki tafi, don Inna za ta tambayi dalili, kuma dalilin ba ya faɗuwa. Kada kuma ki ja kujerar a bayan idonsa.

Gyaran ba wuya. Ya kai guntun ledar shago a ba shi irinta sak. Ya ɗumama fallayen da ya yanka da na'urar busar da gashi, ya ɓamɓare su, ya kankare tsohon gam, ya share ƙasa tas. In ya shafa sabo, ya bari ya sha iska har ya yi danƙo kafin ya ɗora. Yanka kuwa a jikin bango ake yi, da sabuwar reza.

Kafin nan, ki same shi ku biyu, cikin ladabi, ki tuna masa gado ya fi kujera faɗi. Simintin da kujera ta rufe, gadon Inna zai rufe shi har da ragi. Ku kawo ta gida.

Allah ya sa kaffara ne, ya bar ku tare.