Abin da Ban Faɗa wa Baba Idi Ba

Laraba da dare, unguwar Adjamé

Na kasa cin tuwo. Yau Baba Idi, aminin mahaifina, ya zo ofishin lauyan da nake wa aiki a unguwar Treichville a kan maganar gidansa na unguwar Bromakoté. Ranar da ya saye shi fatiha aka shafa aka raba goro, ba a rubuta komai ba. Yanzu 'ya'yan wanda ya sayar masa sun kai shi kotu.

Baba Idi ba ya jin Faransanci, sai lauya ya ce in bar bugun takardu in yi musu tafinta. Lauya bai ɓoye komai ba: in Baba bai kawo shaidu ranar Litinin ba, gida ya tafi.

Na dubi tsohon nan da ya yanka ragon sunana, ya zuba mini ido yana jiran abin da zan ce. Sai na ji kaina ina cewa, "Baba, ya ce za a duba, kada ka damu."

Ya yi ta sa mini albarka. Har lauya yana yaba ƙarfin zuciyarsa!

Ɗazu Inna take gaya mini wai gobe da sassafe Baba Idi zai tafi Maraɗi ganin ƙanwarsa, wata guda zai yi. Ya ce mata, "Ai Hadiza ta ce kada in damu."

Kunyar banza! Haushin kaina nake ji. Kafin assalatu zan tsaya a ƙofar gidansa in faɗa masa gaskiya. Ko zagina zai yi na yarda, in dai bai hau motar Maraɗin nan ba.