Ƙabar Halvard

Kristiansund, 3 ga Maris

Yaya Torunn,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ciwon bayan? Ina fata da sauƙi.

Ranar Alhamis za a yi wa Halvard aikin ƙaba. Likita ta ce minti arba'in ne, da yamma ya koma gida. Amma in kin ga mijin nan nawa sai ki rantse yanka shi za a yi. Mutumin da ya shekara talatin yana tuƙa jirgin kamun kifi, yana cika wa jama'a kunne da labarin guguwar teku, yau ɗan wannan aikin ya firgita shi. Sau huɗu yana buga wa asibiti waya, wai in an sa shi barci bai farka ba fa? Har waƙoƙin da za a rera a coci ranar jana'izarsa ya zaɓa. Jiya na dafa kifi da dankali ya ture. Na ci nawa na haɗa da nasa.

Ƙanwarki,
Ragnhild

9 ga Maris

Yaya Torunn,

Ina gaishe ki. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta.

An sa wa Halvard rigar asibitin nan mai buɗaɗɗen baya, an kwantar da shi a gadon turawa. Sai ya damƙe hannuna yana hawaye, wai ba zai mutu da abin nan a ransa ba: yana da 'ya a garin Narvik, sunanta Ingunn, shekararta talatin da huɗu. Sau biyu ya taɓa ganinta. Kafin in buɗe baki an tura shi ciki.

Bayan awa ɗaya aka fito da shi garau, yana neman burodi da cuku. Yanzu wai magani ne ya sa shi sambatu. Ko ƙwaya ba a ba shi ba lokacin, Yaya, ina tsaye.

Ba cin amanar ce ta fi ci min rai ba. Yarinya ta tashi ba uba bai dame shi ba, sai da ya hango allura.

Na nemo lambarta mun yi magana. Abin da ta fara tambaya, ko ya ji sauƙi. Kunya ta kama ni a madadinsa.

Ranar Lahadi za ta zo cin abincin rana. Ban gaya masa ba. Likita ta hana shi tuƙi da doguwar tafiya har mako biyu, don haka ba inda za shi.

Ki gaida su Eivind da sauran mutanen gida.

Taki,
Ragnhild